Sai Yanar Ta Nuna

Zuwa ga mahaifiyata, Dada Saratu ta Duvu,

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, gwiwa biyu a ƙasa kamar yadda kika koya mana, ina fata kina cikin hutun da Ubangiji ya tanadar wa bayinsa. Dawa ta yi kyau bana, ta sunkuyar da kai, ta kusa isa yanka. Na fara da ita ne don na san da kina nan, labarinta za ki tambaya kafin ki tambayi lafiyar kowa. Mu ma muna lafiya, da yara da jikoki.

Da Hausa nake rubuta miki, ba da yarenmu na Gude da muka saba a tsakar gida ba. Kada ki ɓata rai. Maganar da zan tuna miki a kan kalma guda ta rataya, kuma da Hausa aka faɗa miki ita. Akwai kuma waɗanda za su karanta wannan takarda ba su taɓa ganinki ba, ina so su san wace ce ta haife ni.

Dada, likita ta duba ni. Ta ce yanar ido ta fara rufe min gani, irin taki sak. Da na fito daga ɗakinta na nemi benci na zauna, kuma ba wanda ya faɗo min a rai sai ke.

Kin tuna aikinki a Duvu? Kowa na noma, amma zaɓen iri naki ne. In kaka ta yi, maƙwabta, Kirista da Musulmi, sai su zo su tsaya a ƙofar gida suna jira ki gama abin da kike yi, ki bi su gona. Kina tafe tsakanin kara, ki kama zangarniya ki juya ta, ki duba ƙwayar, ki wuce. Wadda ta yi miki, ki ɗaura mata ɗan tsumma. Ita wannan ba mai taɓa ta ranar yanka. Kin sha faɗa mana cewa dawar ci in ta nuna an gama da ita, amma dawar iri nuna kaɗai bai ishe ta ba, sai an bar ta a kan kara ta bushe ƙayau. Mai gaggawar yanke iri, a wurinki, bai san noma ba. Har Baba kin taɓa kora daga gonarsa ta kansa a kan wannan, ya dawo gida yana ƙunƙuni.

Lokacin muna jihar Gongola ne, tun ba a kai sakateriyar ƙaramar hukuma Gella ba, idonki ya fara hazo. Na hagu ya riga, na dama na biye da shi a hankali. Ba ki gaya wa kowa ba. Ni na gane, ranar da na zo daga gidana na Lamorde na tarar kina tsince wake da hannu, fuskarki na kallon katanga. Na tambaye ki, kika ce hayaƙin murhu ne. Hayaƙin murhu har cikin coci, Dada?

Da kyar na jawo ki Mubi ranar da likitan ido yake gari, don a lokacin zuwa yake yi jefi-jefi. Ya haska miki fitila, ya sa kin ƙirga yatsunsa, ya yi magana da Turanci. Mai fassara ya juyo ya ce, "Mama, yana ce. Ki koma gida sai ta nuna." Ya ƙara da cewa ranar da kika kasa ganin yatsu da idon hagu, sai dai ki bambance haske da duhu, to ta nuna, ki dawo a cire ta. Haka ake yi a wancan zamanin, ba laifin kowa ba ne.

Kika fito kina murna. Duk hanya kina cewa yau kin ga likitan da ya san gona. Da Hausarki ta Mubi, wadda kowa a cikinta namiji ne, mace "shi", akuya "shi", ni 'yarki ma "shi", kika ce, "Zan bar shi ya nuna da kyau." Na yi dariya. Ban san kalmar ta shiga kunnenki ta sauka a gonar iri ba.

Farkon damina idon hagu ya rufe ruf. Kin sani sarai ya nuna. Da Baba ya ce a koma asibiti, kika ce nuna daban, bushewa daban, abu mai daraja ba a yanke shi da ɗanyen ruwa a jikinsa, a bari sai bayan girbi. Kin faɗe shi da irin muryar da kike korar mutane daga gonarsu, wa zai ja da ke? A iya saninki gaskiya kika faɗa, kuma sanin nan bai taɓa ba ki kunya ba sai a wannan karo.

Cikin marka abin ya zo. Kina maimai da rana tsaka, kika saki fartanya kika dafe kai. Kafin a kawo ki gida idon ya yi ja wur, hawaye na zuba, kanki kamar zai tsage, ga amai ba tsayawa. Aka ce zazzaɓi ne, wasu suka ce wani abu kika ci. Baba ya dafa ganye, aka yi miki surace. Ke da ko wajen haihuwa ba a taɓa jin muryarki ba, aka ji nishinki har gidan maƙwabta. Ga mayo, kogin nan namu, ya kawo, ya cika bakinsa, ba babur ba mai ƙafa. Kwanaki kuka yi kuna kallon ruwa. Da ya ɗan ja, Baba ya goya ki a bayansa ya tsallaka, ruwa har ƙirjinsa, sannan aka sami mai babur.

Na iske ku a asibitin Mubi, Allah ya taimake mu likitan yana gari. Ya sa yatsa a kan fatar idon, ya ce ni ma in taɓa. Tauri kamar ƙwallon goruba. Aka yi allura, aka ba da ƙwayoyi, aka shiga da ke aka cire yanar. Ciwo ya tafi kamar an ɗauke shi da hannu. Amma da aka kwance bandeji aka haska fitila, ba ki ga komai ba, ko hasken ma.

Ai kuwa Duvu ta ɗauka. Wuƙar asibiti ta kashe wa Saratu ido. Masu zuwa dubiya su zauna su yi ta jajantawa, kowa da labarin wani da aka yanka bai ƙara gani ba. Baba kuwa ransa ya ɓaci ƙwarai, ko sunan asibiti ba ya so a ambata. Ana haka wani baƙo ya fara zuwa kasuwar Gella, mai tura yanar ido ciki da allura, nan take mutum ya ce ya ga rana. Baba ya je ya gani da idonsa, ya dawo ya ce ga wanda zai yi wa idon dama aiki, ba yanka ba ɗinki.

Nan ne kika yi abin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ba ki yi kuka ba, ba ki zagi kowa ba, ba ki kuma bi maganar gari ba. Cewa kika yi a mayar da ke wurin likitan, kina da tambaya. Ba magani kika je nema ba. So kike ki ji abin da ya kashe miki ido daga bakin wanda ya buɗe shi ya ga cikinsa. Kika ce kuma ni zan fassara miki da Gude, kalma bayan kalma, ba kya son a sake ba ki magana a dunƙule. Ina da tsohon ciki a lokacin, ina tafe ina haki, ke kina riƙe da gefen zanina kina ce min in ɗaga ƙafa.

Mutumin kirki ne likitan nan. Ya ja kujera ya zauna, bai yi mana gaggawa ba. Ya ce a cikin kowane ido akwai ruwa da ke ɓuɓɓugowa kullum, yana kuma fita ta wata 'yar kafa. Yana in ta nuna aka bar ta ta wuce lokaci, ba bushewa take yi ba, ruwa take sha ta kumbura, har ta danne kafar. Ruwa na shigowa, ba ya fita. Sai ido ya cika ya yi tauri, ya matse jijiyar da ke ɗaukar gani, ita kuwa jijiyar in ta mutu ba ta farfaɗowa. Wannan shi ne hawan jinin ido, glakoma a bakinsu, kuma irin wanda yana ke jawowa farat ɗaya yake zuwa, da ciwo da amai, kwana kaɗan ya gama ɓarna. Na tambaye shi batun mai allura. Ya ce yanar da aka tura ciki tana nan a cikin idon, ba ta je ko'ina ba, kuma sau da yawa ita ma takan jawo wannan toshewar daga baya.

Na juya miki shi da Gude. Kika murza bakin zaninki. Can kika ce kin gane, gona ce magudanarta ta toshe, ruwa ya kwanta ya kashe shuka. Sannan kika juya wajen da kike jin muryar likitan, kika faɗa da Hausa don ya ji da kunnensa: "Ba wuƙa ya kashe shi ba. Ni na bar shi ya wuce nuna."

Dada, na ga manya da yawa a rayuwata, masu ilimi da masu muƙami, ban ga da yawa da za su iya wannan ba. Gari guda ya ba ki wanda za ki ɗora wa laifi, a kyauta, kika ƙi karɓa. Abin da kika fi kowa sani a duniya shi ne ya yaudare ki, kika dube shi kika ce a nan bai yi aiki ba. Ranar nan na ji alfahari da ke har ya fi tausayin da nake ji.

Ashe da sauran magana. Ya kwantar da ke, ya ɗiga magani a idon dama, ya ɗora wani ɗan ƙarfe mai allurar awo a kansa. Ke kika raɗa masa suna sikelin ido, har kika tambaya ko ya kai mudu. Likitan bai yi dariya sosai ba. Ya ce wannan ma ruwansa ya hau, amma wani iri ne daban, ba yanar ce ta kawo shi ba. Shi wannan ba ya ciwo, ba ya ja, a hankali kafar ke cushewa, yana cin gani daga gefe-gefe shekara da shekaru. Yakan bi jini. Mugun abin kuma, yana ɓuya a bayan yana: mutum na ganin hazo yana cewa yana ce, yana zaune yana jiran ta nuna, shi kuwa yana ciki yana aikinsa. Kafin in gama fassarawa kika ambaci Kawu Yohanna, yayanki, wanda ya makance idonsa garau kamar na jariri, aka yi ta cewa jifa ne aka yi masa.

Bai ɓoye miki komai ba. Ya ce zai cire yanar dama kafin ta kumbura, amma ba zai iya rantsuwa a kan abin da zai tarar a bayanta ba, sai an buɗe. Ya ce kuma maganin ɗigawa ya zama abokin zamanki safe da yamma har ƙarshen rai. Sannan ya faɗi lokacin da zai dawo Mubi, ya faɗo daidai tsakiyar kaka.

Da muka koma gida, Baba ya yi tsalle ya dire. Ido ɗaya ya rage, a sake miƙa shi ga wuƙa? Ba taurin kai ba ne, tsoro ne, na gani a fuskarsa. Mutumin da ya goya ki a cikin mayo ba zai so ki da duhu ba. Ya tambaye ki, in wannan ma ya tafi fa? Amsarki tana kunnena har yau: "In na zauna ma zai tafi. Gara ya tafi ina kan hanya." Baba ya ɗauki fartanya ya fita, ko abinci bai ci ba.

Kaka ta zo, na haihu, mace, aka sa mata sunanki. Kika zo Lamorde yi min wankan jego. Idon dama ya yi nauyi sosai a lokacin, inuwa kawai kike gani. Da hannu kika san jikarki. Ki shafa goshinta, ki bi hancin, ki ƙirga yatsun ƙafa. Kika tambayi launinta, matan gida suka ce fara ce tas, don jariri duk haka yake zuwa.

Sai ga mutanen Duvu har Lamorde. Dawa ta nuna, ba a ɗaura tsumma ko ɗaya ba. Suka ce ko da hannu ne ki zo ki taɓa musu, asibiti ba gudu zai yi ba, a bari a gama girbi. Maganarki ce ta farkon damina suka dawo miki da ita, ba su canza ko kalma ba. Na zuba miki ido, don na san abin da zaɓen iri yake a wurinki. Shi ne sunanki a garin nan. Kika saurare su har suka gama, kika sa aka ba su ruwa, sannan kika ce bana kowa ya zaɓi nasa, kin koya musu shekara da shekaru, wanda bai iya ba ya ci tuwon abin da ya zaɓa. Suka tafi ransu ba daɗi. Wannan ce kaka ta farko tun kina amarya da aka yanke dawa a Duvu ba ki cikin gona.

Ranar aikin, muna isa ƙofar asibiti muka tarar da Baba a tsugune, ya riga mu, tun daga Duvu a ƙafa. Ya miƙe ya karɓi ƙullin kayanki daga hannuna.

Ranar kwance bandeji ta zo. Na jingina da bango, jaririya a bayana, bakina na addu'a ba sauti. Aka kwance. Aka ɗora miki tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, irin na wancan lokacin. Kika yi ta ƙifta ido. Likita ya ɗaga yatsu, ba ki ko kula shi ba. Kika miƙo hannu biyu wajena kika ce in sauko da ita. Kika kawo ta dab da fuskarki, kika daɗe kina kallo. Sannan kika ce, "Ashe shi baƙi ne kamar ni. Kuka ce min fari ne." Nas ta fashe da dariya, ni na fashe da kuka. Baba ya juya ya fuskanci taga, ya daɗe yana gyaran hularsa.

Ganin bai dawo duka ba. Mai cin gefe ya riga ya ci rabonsa, sai kin juya kai gaba ɗaya kafin ki ga wanda ke kusa da kafaɗarki. Amma abin da ya rage kin riƙe shi da hannu biyu. Kwalbar maganin na ƙulle a bakin zaninki, ko a gona, ko a gidan biki, ko a gidan makoki, in lokaci ya yi sai ki ɗaga kai sama ki ɗiga abinki. In ya kusa ƙarewa ba mai barci a gidan sai an je Mubi. Kika koma zaɓen iri da ido ɗaya da tabarau, kuma ban ji wanda ya ce zaɓenki ya ragu ba.

Kika kuma zama fitina ga tsofaffin Duvu, fitina mai albarka. A zumuntar mata, a bakin rijiya, a gidan suna na maƙwabtanmu Musulmi, in kika hango fari a ƙwayar idon wata, ta shiga uku. Sai ki cire tabarau ki nuna mata mataccen idonki, ba kunya ba ɓoyewa, ki ce, "In ya nuna, a yanke. Kar a jira ya bushe." Mu 'ya'yanki kuwa kika tasa mu gaba ɗaya bayan ɗaya zuwa sikelin ido, har da ƙanena da ke cika baki yana cewa yana hango akuya a kan dutse. Har Ubangiji ya kira ki kina gane fuskokinmu. Ni ce na ɗiga miki maganin safiyar ranar, kika ce na cika rawar hannu.

To, Dada, ga ni a layi. Likitan yanzu yarinya ce, ba ta kai jikarki ba. Ta ce zamani ya canza, ba a jiran yana ta nuna, da ta fara hana mutum harkarsa sai a cire, har a sa wani ɗan gilashi a ciki, ba sai an ɗauki gindin kwalba a fuska ba. Ta auna ni da na'ura, ta ce ruwan idona ma ya ɗan hau, gadon gidanmu. Ta sa min rana.

Kin san abin da ya fito daga bakina? Wallahi ban shirya shi ba. Na ce mata dawa ta kusa yanka, ko za a bari a gama girbi. Ni da na fassara miki maganar da bakina, ni da na taɓa idon nan mai tauri da yatsana. Tsoro ne, Dada. Yanzu na san abin da ke cikin ƙirjinki ranar da kika sallami mutanen Duvu, kuma na san ban kai ki ba.

Saratu ce ta raka ni, baƙar jikarki, yanzu ita ma da 'ya'yanta. Ba ta yi min faɗa ba. Ta dafa gwiwata, ta kwaikwayi muryarki da Hausarki, har da "shi" ɗin, ta ce, "Mama, in ya nuna, a yanke." Likitar ba ta gane abin da ya sa tsohuwa ke dariya tana share hawaye ba.

Gobe da safe za a yi. Irin dawarki na nan a gonarmu, wanda kika zaɓa da ido ɗaya, ban taɓa bari ya ɓace ba. Ban ɗaura masa tsumma ba bana, na bar wa yara su gwada. Tabaranki na cikin jakata, zan tafi da shi, ko da ba zai yi min amfanin komai ba sai in riƙe a hannu.

Ubangiji ya ƙara miki hutu, ya saka miki da alherin kowane ido da kika kora asibiti. Ya jiƙan Baba da ya goya ki, ya jiƙan Kawu Yohanna da bai sami mai gaya masa ba. Ya daidaita hannun yarinyar nan gobe. In an kwance min bandeji, ya ba ni ko rabin zuciyarki, in karɓi abin da na tarar. A inda kike kuma, na gaskata da ido biyu kike kallo, ba hazo ba ciwo. Amin.

Ki duba ni gobe, Dada. Ina kan hanya.

Taki har kullum,
'yarki Rifkatu, daga Lamorde.